Bagaruwa a kan faranti: littafin aikina na lab a Bauchi

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau Malam ya sa hannu a taken aikina, bayan ya soke fiye da rabinsa. Tsirrai goma sha ɗaya na kai masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, digiri na biyu za ki yi ko rumfar magani za ki buɗe?" Mun tsaya a kan huɗu: 'ya'yan bagaruwa, ɓawon marke, ganyen sabara da ganyen darbejiya. Abin da zan duba shi ne ko tsantsarsu za ta iya hana ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin maganin asibiti yaɗuwa.

A wurin Goggo na ɗauko huɗun nan. Duk wadda ta haihu a gidanmu, da sabara da darbejiya take wankan jego, da ruwan bagaruwa take kama ruwa. Mai ciwon dasashi ma bagaruwar ake tafasa masa. Ɗaya dalilin kuma ɗan yayata ne, wanda bara ya yi fama da maruru. Kafso kala uku aka saya masa a kemis, ɗaya bayan ɗaya, sai da aka kai ruwan ƙurjin gwaji aka ga ƙwayar ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu.

Ba mu kaɗai ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma Yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Da wannan zan buɗe babi na ɗaya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kasuwar Muda Lawal. Na sayi mudu biyu na bagaruwa, naira 2,400, a wurin wani dattijo mai saiwoyi. Da ya ji abin da zan yi da ita sai ya ture wadda ke sama, ya tono mini ta ƙasan buhu, ya ce, "'Yata, wadda ta nuna a uwa ita ake nema, wadda aka kaɗo ɗanya ba ta da ƙarfi. Tambayi majema ki ji." Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce in an gama gwajin in dawo in faɗa masa, in ta ci a rubuta masa a takarda ya manna.

Asabar, 11 ga Janairu

Ni da ƙanena mun bi hanyar Dass a mashin ɗinsa. Sabara ba ta ba mu wahala ba, tana nan a kowace saura. Marke ne sai da wani manomi ya raka mu. Gefe ɗaya kawai muka saɓe, don in aka zagaye bishiya da sara an kashe ta. Darbejiya kuwa ta ƙofar gidanmu ce. Man mashin da ɗan abin goron manomin, naira 5,000. Na ware reshe ɗaiɗai da zan kai sashen nazarin tsirrai su tabbatar da sunan kowanne su ba ni lamba.

Talata, 14 ga Janairu

Na shanya komai a kan takarda a ɗakin zaure, cikin inuwa, na tafi makaranta. Na dawo na tarar Goggo ta kwashe sabarar ta baza a tabarma a tsakar gida. Wai tausayina ta ji, ta ga ganye kwana uku a ɗaki, ga rana a banza. Ya wuni cikin rana da ƙurar hunturu, kaji sun bi ta kai, akuya ma ta taɓa rabonta.

Na yi mata bayani cewa rana da zafi suna lalata wasu sinadaran ganye. Ta ce ita shekara hamsin tana shanya magani a rana, ba wanda ya dawo ya ce bai yi ba. Ban ja ba, don wata tambayar ce mai kyau da ya kamata wani ya gwada. Amma abin da na rubuta a tsarin aikina busarwar inuwa ne, ba zan rubuta inuwa in yi rana ba. Na bar mata wannan, ranar Asabar mu koma daji. Ƙarin naira 3,000.

Litinin, 27 ga Janairu

Komai ya bushe ƙayau. An daka a sabon turmi, don na gidan yaji ya kama shi. Na cire ƙwallayen bagaruwar, kwanson kawai na daka. Giram 150 na kowane gari na jiƙa a mililita 750 na etanol mai ƙarfin kashi 70, awa 72, ana girgizawa safe da yamma. Kwalbar etanol lita 2.5, naira 38,000. Na kuma tafasa wani kason a ruwa zalla, irin yadda ake yi a gida.

Alhamis, 30 ga Janairu

An tace. Takardar tacewa ta toshe sau huɗu a kan bagaruwa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na'urar da ke janye etanol daga jiƙo ta lalace tun kafin in shigo makarantar, kowa ya san haka sai ni. Don haka a kan ruwan ɗumi mai maki 40 na ɗora kwanuka, kwana shida ina gadinsu kamar mai jiran nono ya yi barci. Abin da ya rage: bagaruwa giram 41, marke 19, sabara 16, darbejiya 12. Ta bagaruwa baƙa-ƙirin, tana sheƙi kamar madi, ta darbejiya kuma kore ce mai danƙo da ta ƙi bushewa sosai.

Na ɗiga sinadarin ferik kulorayid a kan kaɗan daga kowanne. Bagaruwa da marke nan take suka koma kamar tawadar allo. Alamar tanin ke nan, sinadarin da ke sa baki ya yi bauri, wanda kuma majema ke jeme fata da shi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Takardar izini ta fito, na karɓo ƙwayoyi goma sha biyu daga lab ɗin wani asibiti, babu sunan majiyyaci a jikin ko ɗaya sai lamba. Shida Staphylococcus aureus ne da aka ce MRSA ne, wato irin da ta daina jin maganin methicillin da danginsa, huɗu E. coli, biyu Klebsiella.

Oga, mai kula da lab ɗinmu, ya ce kada in yarda da rubutun jikin kwalba sai na gwada da kaina. Na shuka su a faranti, na ɗora 'yar takarda mai ɗauke da maganin sefoksitin maikrogiram 30. Ƙa'idar ita ce in faɗin filin da ƙwaya ta kasa tsirowa a zagayen takardar bai wuce milimita 21 ba, MRSA ce. Biyar sun ba da 10 zuwa 16. Ɗaya ta ba da 27, wato lafiyayyar mai jin magani ce aka yi wa laƙabin da ba nata ba. Na fitar da ita. Da ban gwada ba da ita ce za ta ƙawata sakamakona.

Don ƙanena da ke karanta wannan yana cewa ina Latin: MRSA tana ɗauke da wani gado da ake kira mecA, wanda ke sa ta ƙera wani furotin na daban da dangin penisilin ba sa iya kamawa, sai ta ci gaba da gina bangonta magani na kallo. A Ingila aka fara ba da rahotonta a 1961, methicillin bai fi shekara biyu da fitowa ba. Su kuma E. coli da Klebsiella ɗina wani sinadari suke fitarwa da ke datse maganin kafin ya iso. Kan mage ya waye, kowacce da dabararta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Gwajin farko. An shafa ƙwaya a faranti, an huda ramuka masu faɗin milimita 6, an zuba tsantsa, an sa a inkibeta. DMSO da zan narka tsantsar da shi bai iso ba, sai na narka da ragowar etanol.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada in sake.

Da safe na buɗe inkibeta, gabana ya faɗi don murna. Kowane rami da zobensa, wato filin da ƙwaya ta kasa tsirowa a zagayensa. Darbejiya ma ta ba da 14 a kan Klebsiella. Bagaruwa ta kai 29 a kan MRSA, ta wuce takardar maganin jentamaisin da ke gefenta. Na ɗauki hoto, na tura wa yayata, na kwashi faranti uku na nufi ofishin Malam baki har kunne.

Ya ɗaga faranti ɗaya sama ya duba, ya juya shi. Ya ce, "Da me kika narka?" Na ce, "Etanol, ranka ya daɗe." Ya ce, "Ina ramin da kika zuba etanol shi kaɗai?" Na yi zuru. Ya ce, "Da me ake goge hannun majiyyaci kafin a yi masa allura?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai tsaya nan ba. Ya kalli gefen farantin ya ce agar ɗin, wato daskararren abincin da ƙwaya ke tsirowa a kai, ya yi siriri. Gaskiya ne, mililita 15 na riƙa zubawa maimakon 25 don garin ya kai ni, tunda kwalbar garin agar ɗin, Mueller-Hinton, mu uku muka haɗa kuɗi muka saya, rabona naira 27,000. Kaurin da ake so milimita 4 ne. In ya gaza haka abin da ke ramin yakan bazu da nisa, zobe ya yi faɗin ƙarya.

Faranti 36 sun tafi a banza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san duk wannan, na rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma da na ga abin da nake so in gani, ko tambaya ɗaya ban yi wa kaina ba. Malam ya ce daga yau kowane faranti sai da ramin shaida, wanda ba komai a cikinsa sai abin narkawa, kuma kowane gwaji sau uku. Na kira yayata na ce ta goge hoton. Ta ce ai ta riga ta sa a zauren WhatsApp na dangi.

Talata, 18 ga Fabrairu

DMSO ya iso, naira 15,000 ƙaramar kwalba. Na sake shuka komai yadda ya kamata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An ɗauke wuta tun wajen goma na dare, janareta kuma ba ya kwana a kunne. Da safe ma'aunin inkibeta na nuna 22 maimakon 37. Ƙwayoyin sun fito tsilli-tsilli, zobe ba shi da baki balle a auna. Faranti 40.

Sannan na buɗe firji na ga tafasasshen jiƙon sabara da na darbejiya sun yi furfura. Firjin ma wutar yake jira. Na zubar. Na bagaruwa da marke ba abin da ya same su, na dai rubuta hakan a gefe.

Mu huɗu da ke amfani da inkibeta mun yi shawara: za mu riƙa shuka rana ɗaya, mu haɗa kuɗin mai, ƙanen ɗaya daga cikinmu ya kawo ƙaramin janareta ya kwana da mai gadi. Kowane dare naira 3,000 a kan kowa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Zagaye uku sun kammala. Ramin shaida fes, ba zobe. Ƙwayar ma'auni, ATCC 25923, wadda aka riga aka san yadda take jin magani, ta ba da abin da ake tsammani da takardun magani, don haka faranti da hannuna ba su da laifi wannan karon.

A ƙarfin miligiram 100 cikin mililita, a kan MRSA biyar: bagaruwa milimita 19 zuwa 22, marke 15 zuwa 17, sabara 11 zuwa 13, darbejiya 8 a kan biyu, sauran ukun ba komai. A kan E. coli bagaruwa ta sauko 10 zuwa 12, marke 9, sauran shiru. Klebsiella kuwa ko gezau, sai ɗan siririn zobe daga bagaruwa da ba zan rantse a kansa ba. Ban yi mamakin wannan ba, domin su biyun suna da wata riga ta biyu a bayan bangonsu da ke tare abubuwa da yawa, wadda Staphylococcus ba ta da ita. Tafasasshen ruwan bagaruwa irin na Goggo ya ba da 16 zuwa 18 a kan MRSA. Wannan ya fi komai faranta mini.

Darbejiya ta ba ni kunya, ita da nake wa kallon sarauniya saboda ɗacinta. Ashe ɗacin bakinmu ne kawai ke jin sa.

Litinin, 3 ga Maris, 3 ga azumi

Malam ya duba jadawalin ya ce yanzu an fara aiki. Sai ya miƙo mini biro ya ce in lissafa nawa ne a cikin rami ɗaya. Maikrolita 50 na miligiram 100, wato miligiram 5, wato maikrogiram 5,000. Ya ce takardar maganin siprofuloksasin fa? Maikrogiram 5. Ninki dubu ke nan. Ya ce, "To in kika rubuta cewa bagaruwa ta yi kafaɗa da kafaɗa da maganin asibiti don zobensu ya zo ɗaya, ni zan fara kayar da ke kafin baƙon malami ya iso."

Na karanta rubuce-rubuce da yawa masu irin wannan kwatancen, har ina shirin kwaikwayonsu. Faɗin zobe kuma bai dogara ga ƙarfi kaɗai ba, har da yadda abu ke iya tafiya cikin agar. Mai maiƙo zai iya zama da ƙarfi ya kasa motsawa daga ramin. Ta yiwu darbejiya ma an zalunce ta ta nan. Sai gwajin ruwa zai raba gardama.

Asabar, 8 ga Maris

Bayan shan ruwa ɗan kawuna ya zo wai ya ga hoton nan a zauren dangi, yana so mu haɗa hannu a ɗura ruwan bagaruwa a gora a rubuta "maganin infekshan da ya gagari asibiti". Har da yadda za a raba riba ya zo da shi. Na ce masa, "Yaya, abin da na gani a faranti ne. Sabulu ma in ka zuba a ramin zai kashe su, za ka sha sabulu?" Na ce ban gwada a jikin ko ɓera ba, ban auna abin da zai yi wa hanta da ƙoda ba, kuma wanda ƙwayar nan ta shiga jininsa ya tsaya shan gora, kwanakin da zai ɓata ne za su kashe shi. Ya ce 'yan boko kullum sai kun raina namu.

Ban raina ba. Kwinin daga ɓawon bishiyar sinkona aka samo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga ganyen tazargaden Sin ne, kuma Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma tsakanin ganyen da ƙwayar da ke kemis akwai shekaru na tacewa da aunawa da gwaji a jikin mutane. Goggo na gefe tana jan carbi, sai ta ce, "Kai, bar ta. Mu ma ba mu ce a yi ta ɗirkar bagaruwa kamar kunu ba, tana ɗaure ciki." Ya tashi ba sallama mai kyau.

Alhamis, 13 ga Maris

Gwajin neman mafi ƙarancin ƙarfin da zai tsayar da ƙwaya. Ana raba ƙarfin biyu-biyu daga miligiram 50 zuwa ƙasa cikin ruwan shuka, a zuba ƙwaya, washegari a duba inda ruwa ya daina gurɓacewa. A littafi abu ne mai sauƙi. Da bagaruwa ta haɗu da ruwan shukar sai ya yi dugu-dugu tun kafin ƙwaya ta shiga, don tanin yana kama furotin ɗin da ke ciki ya dunƙule. Ga kuma launin shayi mai kauri. Ba yadda za a yi ido ya raba gurɓatar ƙwaya da ta bagaruwa. Ni da Oga mun ɗaga kwalabe a taga har wuya ya ƙage, shi yana cewa ta huɗu, ni ina cewa ta shida.

Ya ce a nemo resazurin, wani rini mai shuɗi da ke komawa ruwan hoda in akwai ƙwaya mai rai. Babu a Bauchi. Wata abokiyar karatuna a Jos za ta ba direba, naira 18,000 da kuɗin mota.

Zafi ya sauka sosai. Oga ya ce nan da mako biyu ba ma buƙatar janareta, a ajiye faranti a kan benci ɗakin zai yi aikin inkibeta.

Juma'a, 21 ga Maris

Rini ya yi aiki, ban da kwalaben farko masu duhu sosai, waɗanda na ɗebo na shuka a faranti don tabbatarwa. Bagaruwa ta tsayar da MRSA huɗu a miligiram 0.39 cikin mililita, ɗaya a 0.78. Marke 1.56. Sabara 3.1 zuwa 6.25. Darbejiya 25, wato ba a zalunce ta ba. A kan E. coli bagaruwa sai da ta kai 6.25.

Miligiram 0.39 shi ne maikrogiram 390. Bankomaisin, wanda likitoci ke komawa gare shi in MRSA ta yi tsanani, maikrogiram 2 cikin mililita ko ƙasa da haka yake buƙata a kan ƙwayar da ke jin sa. Masu wannan fanni da yawa ba sa kiran ɗanyar tsantsa mai ƙarfi sai ta yi aiki a ƙasa da maikrogiram 100. Tawa matsakaiciya ce, haka kuma zan rubuta.

Laraba, 26 ga Maris

Tun ranar da dattijon kasuwa ya ambaci majema abin ke yi mini yawo a kai. In tanin ne ke aikin, to in an cire shi zoben zai ragu. Na zuba ruwan jelatin da gishiri a kan tsantsar bagaruwa, ta dunƙule, na juya a na'ura dusar ta kwanta, na ɗebi ruwan sama. Wani kason kuma ruwan gishiri kawai na ƙara masa daidai wancan, don kada a ce sirki ne ya rage ƙarfin. Na koyi darasi.

Mai ruwan gishiri: milimita 18. Wanda aka cire wa tanin: 10.

Wato mafi yawan abin da nake gani shi ne abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya a majema, kama furotin duk inda ya same shi, na ƙwaya ne ko na mutum. Irin wannan ba ya zaɓe, shi ya sa da wuya ya zama abin sha ko na allura, ga shi tanin mai yawa yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. A waje kuwa, kan rauni ko dasashi, akwai abin dubawa. Na faɗa wa Goggo da daddare. Ta ce, "To ai dama nan muke sa ta. Wata uku kina ƙona mai don ki gano wannan?"

Sauran milimita 10 ɗin nan su nake so. Ramin kansa 6 ne, don haka ɗan zobe ne, amma ya fito a kan duka biyar, sau uku.

Juma'a, 28 ga Maris

An rufe lab sai bayan Sallah. Na haɗa lissafi: naira 214,000 zuwa yau, faranti da man janareta suka fi ci. Saura 60,000 daga abin da Baba ya sayar da raguna biyu ya ba ni.

Bayan Sallah: raba ruwan da aka cire wa tanin kashi-kashi da etil asitet da butanol, a ga ina ragowar ƙarfin ya bi. Gwada bagaruwa tare da oksasilin, wani magani na dangin penisilin, don an taɓa nuna cewa wasu sinadaran koren shayi suna sa MRSA ta sake jin dangin penisilin a lab, bagaruwa kuma tana da 'yan uwansu. Gwajin guba a kan ƙananan jatan lande tukuna, ɓeraye sai in kuɗi sun samu kuma an ba da sabon izini. Darbejiya ta fita. Malam ya yarda in ƙara ƙaramin gwaji ɗaya, sabarar rana da ta inuwa, tunda wadda Goggo ta shanya tana nan a ƙulle a leda.

Gobe zan shiga Muda Lawal sayen kayan miyar Sallah. Dattijon zai tambayi takardarsa. Zan sayi ƙarin mudu ɗaya, ta ƙasan buhu, in zauna in yi masa bayani da baki.